Mota tana mutuwa a danja, sikana ta nuna P0171, P0300 da P0420: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Motata ƙirar 1999 ce, mai silinda huɗu, giyarta otomatik. Da safe lafiya lau take tashi, amma da ta yi zafi, in na ɗaga ƙafa daga totur zan tsaya a danja ko cikin cunkoso, sai ta ɗan yi rawa ta mutu. Ina murza makulli kuwa take tashi. An sa mata sikana ta ba da P0171, P0300 da P0420. Na canza sensar oksijin da fulogai, ba ta daina ba. Yanzu makanikena ya ce sensar kiranshaf ce. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka saya tukuna, kuma don Allah kada ka bari kowa ya goge lambobin nan kafin ka rubuta abin da zan gaya maka. Bayanin da ka yi na yadda motar ke mutuwa ya fi lambobin uku amfani a wurina, kuma bai yi kama da ciwon sensar kiranshaf ba, wato sensar da ke gaya wa kwamfutar mota juyin inji. Zan zo kan dalili.

Kwamfutar mota, wadda ake kira burenbos a gareji, ba ta da ido. Ba ta ganin tiyon da ya tsage, ba ta ganin daƙoƙon da ya toshe bawul. Wutar da ke dawo mata ta wayoyin sensa kawai take karantawa, in ta ga abin da bai yi daidai da lissafinta ba sai ta rubuta lamba. P0171 cewa take yi: a haɗin da ake ƙonawa iska ta rinjayi mai, na yi ta ƙara mai har na kusa ƙure iyakata. Wa ya kawo mata wannan labari? Sensar oksijin, mai auna ragowar iskar da ke cikin hayaƙin salansa. Wato sensar da ka cire aikinta take yi, gaskiya ta faɗa, aka bar jaki ana dukan taiki. Da ita ce ta mutu, lambar da aka fi sa ran gani tana tsakanin P0130 da P0135.

Lambobinka uku 'yan gida ɗaya ne, kuma akwai babba a cikinsu. P0300 na nufin inji yana mis, wato silinda tana kasa ƙona haɗinta, kuma ba a silinda guda ba. Da silinda ɗaya ce da ka ga P0301, ko P0302, har zuwa P0304, lambar ƙarshe tana nuna wace silinda. Tunda abin ya game duka, sai a nemi abin da dukkansu suke tarayya a kai, iska ko mai. P0420 kuma ƙorafi ce a kan katalis ɗin da ke cikin salansa, cewa ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata, kuma katalis ɗin da ya daɗe yana shan ɗanyen fetur daga injin da ke mis dole ya gaji. Ajiye ta gefe, ba ita ke kashe maka mota a danja ba. Katalis in ya toshe, a hawa da lokacin gudu yake shaƙe mota, ka taka totur ta ƙi ja. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: wani lokaci abin yakan juya, mis ɗin ne ke haifar da P0171, domin silindar da ba ta ƙona haɗinta ba tana tura oksijin ɗinta cikin salansa, sensa ta ɗauka mai ne ya yi kaɗan. Shi ya sa ba a yanke hukunci daga lamba kaɗai.

Ka koma wurin mai sikana, ko ka sami ɗan ƙaramin nan na ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu, ya wadatar da wannan aiki. Soket ɗin mai rami 16 yana ƙarƙashin dasbod ta wajen sitiyari. Abu na farko da za ka buɗe shi ne ajiyayyen hoton da kwamfuta ke ɗauka a daidai lokacin da ta rubuta lamba, wanda masu sana'a ke cewa firiz-firem. Zai nuna maka juyin inji, gudun mota, zafin ruwa da nauyin da inji ke ɗauke da shi a wannan daƙiƙa. In ka ga juyi 650 ko 700 a minti, gudu sifili, ruwa digiri 90, to a silo matsalar take, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba. In ka ga juyi 3000 da gudun kilomita 100, labari ya canza. Wannan hoton ne ke tafiya in aka goge lamba ko aka cire kan batir, kuma abin takaici, shi ne abin da mafi yawan masu sa sikana ba sa ko buɗewa. A karanta lamba, a goge, fitilar cek ta dasbod ta mutu, a ce an gyara.

Abu na biyu shi ne ginshiƙin aikin, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A cikin bayanan da ke gudana yayin da inji ke aiki akwai layi biyu, STFT da LTFT. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Kwamfuta tana auna iskar da ta shigo, ta lissafa man da ya dace, ta fesa, sannan ta saurari sensar oksijin ta ji ko lissafin ya yi. In bai yi ba sai ta ƙara ko ta rage. STFT gyaran nan-take ne, yana ta hawa da sauka. LTFT kuma gyaran da ta haddace ne saboda ta ga kullum sai ta yi shi. Ka haɗa su biyu. A lafiyayyen inji jimillar ba ta cika wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa da sifili ba. A yawancin motoci sai ta haura wajen 20 zuwa 25 kafin P0171 ta fito, don haka taka ta yi nisa.

Bari inji ya yi zafi sosai, giya a P, esi a kashe. Rubuta jimillar a silo. Sai ka taka totur ka riƙe a juyi 2500 kamar rabin minti, ka sake rubutawa. In a silo ka ga +22, a 2500 kuma ta sauko +5, ɓarauniyar iska ce ke shiga ta inda ba a auna ta ba. Dalili a fili yake. A silo faifan totur a rufe yake, iskar da inji ke sha kaɗan ce, zuƙar da ke cikin manifol, bututun da ke raba wa silindoji iska, kuma tana da ƙarfi, don haka ƙaramar kafa ma babban kaso ce. Da ka buɗe totur, iskar halal ta yi yawa, ta kafar ta zama ba komai ba. In kuwa akasin haka ka gani, silo lafiya amma lamba tana hawa in inji ya ɗau nauyi, to ko mai ne ba ya isowa, ko sensar awon iska, MAF, ta yi datti tana rage mudu. Gwajin minti biyar ne, amma ya raba maka hanya biyu tun kafin ka taɓa sifana.

Ni dai da za a ce in zaɓa, ɓarauniyar iska nake zargi a motarka, kuma abin da ka faɗa na safiya ne ya sa. Inji mai sanyi kwamfuta tana ba shi mai da yawa, tana ɗaga silo zuwa wajen juyi 1200 ko fiye, ba ta ma fara sauraron sensar oksijin ba. Wannan yalwar ke rufa wa kafar asiri. Da ya yi zafi aka rage mai, silo ya sauko 700, sai asiri ya tonu.

Inda za ka nema, fara da babban tiyon roba da ke tsakanin MAF da maƙogwaron totur. Kada ka tsaya kallonsa daga sama, kwance shi, ka lanƙwasa shi a hannu ka duba cikin ninkin, musamman ta ƙasa. Na taɓa wahala da wata mota irin wannan kwana biyu. A P ba ta da laifi ko kaɗan, lambobinta kamar sabuwa, amma da an sa ta a D an taka birki sai ta mutu. Ashe robar da inji ke zaune a kai ce ta saki, in giya ta shiga sai inji ya ɗan karkata, ya ja tiyon, tsagar da ke ƙarƙashin ninki ta buɗe baki. Ya koma P ta rufe. Sai da na sa yaro ya riƙe birki da kyau ya shiga giya, ni ina tsaye daga gefe ina kallo, sannan na gani. Tun daga nan nake gwada mota a D ma, an ja birkin hannu, an sa wa taya waigi, kuma ba mai tsayawa a gabanta.

Daga nan sai ƙananan tiyoyin da ke jikin manifol, da tiyon bawul ɗin PCV, mai zuƙe tururin da ke taruwa cikin inji, da ke fitowa daga murfin inji, wanda zafi da tururin baƙin mai ke laushe shi har ya lotsa ko ya fashe. Sai gasket ɗin manifol. Sai kuma wanda ya dace da labarinka ƙwarai, baƙin tulun nan da ke bayan fedar birki, mai taimaka wa ƙafarka da zuƙar inji. In fatar da ke cikinsa ta huje, duk lokacin da ka taka birki iska ce kake buɗe wa hanya zuwa manifol, kuma yaushe kake taka birki in ba za ka tsaya ba? Gwada a tsaye: taka birki ka riƙe kana kallon STFT. Ɗan motsi na daƙiƙa ɗaya ba laifi ba ne, amma in ta haura ta tsaya a sama, ko ka ji huci a wajen ƙafarka, ka kama ɓarawo. Hanyar da ta fi tsafta wajen gano kafa ita ce a hura hayaƙi cikin manifol da na'urarsa inji a kashe, a ga inda zai ɓullo. Wasu suna fesa man wanke kafireta a jikin tiyoyi su ji inda inji zai canza murya. Yana aiki, amma mai kama wuta ne a kan inji mai zafi, kuma tartsatsi ɗaya daga tsohuwar wayar fulogi ya isa. Ruwa a kwalbar feshi ya fi aminci, ko da yake sai ka kasa kunne sosai.

Wani abin lura: duk wannan bayani na motar da ke da MAF ne. Wasu motocin wancan zamani MAP suke amfani da ita, mai auna zuƙar manifol. A irinsu iskar da ta shiga ta kafa ma kwamfuta tana ganin tasirinta ta ƙara mata mai, don haka sai silo ya tashi sama ko ya riƙa hawa da sauka, maimakon motar ta mutu. Ka duba wacce ke motarka kafin ka ɗora lissafi.

Ko da ka sami kafa, ka leƙa maƙogwaron totur. Motar 1999 galibi totur ɗinta na waya ne, kuma tana da bawul ɗin silo, IAC, wanda ke buɗe wa iska 'yar hanya ta gefe in ka ɗaga ƙafa. Shekaru sama da 20 na baƙin daƙoƙo kan sa shi ya yi nauyin motsi, ka saki totur, juyi ya faɗo, shi kuma bai buɗe da wuri ya tare ba. Lambobinsa P0505 da P0506 ne, amma sau da yawa yakan kashe mota bai bar lamba ko ɗaya ba. Alamarsa, in ka ɗan ɗora ƙafa a totur motar ba ta mutuwa, kuma kunna esi ko murza sitiyari har ƙarshe a tsaye yana ƙara tsananta abin. Wankewa kan isa. Bayan wanki ko cire batir, wasu motocin sukan yi 'yan kwanaki silonsu bai zauna ba, sai kwamfuta ta sake koyo, kada wannan ya firgita ka. Bawul ɗin EGR ma, mai maido da ɗan hayaƙi cikin inji, ya kamata a ce a rufe yake ruf a silo. In gawayi ya tokare shi a buɗe, mota za ta yi ta kakkarwa ta mutu a tsaye, a kan hanya kuma ba ka jin komai.

In gwajin can ya nuna ɓangaren mai ne, a nan sikana ta gama nata. Kwamfutar yawancin motocin wancan lokaci ba ta san matsin fetur ba sam, ba ta da sensar da ke gaya mata. P0230 ma, in ta fito, maganar wayar famfon mai da rilensa take yi. Sai an ɗaura agogon awon matsi a bututun mai. Irin waɗannan injina suna aiki da matsin wajen bar 3, wato kusan psi 40 zuwa 45, amma ka nemi ainihin adadin motarka. Jin kukan famfo na daƙiƙa biyu in ka buɗe makulli yana nuna yana juyawa ne kawai, bai nuna yana da ƙarfi ba. MAF kuma, a wanke ta da man feshin da aka yi dominta, kada a taɓa siririyar wayar cikinta da komai.

Yanzu maganar makanikenka. Mutuwar mota iri biyu ce. Akwai wadda inji ke jayayya, ya yi rawa, allurar juyi ta sauko a hankali, ta ɗan farfaɗo, sannan ya mutu. Wannan ta iska ce ko mai, kuma ita ka kwatanta. Akwai kuma ta farat ɗaya, kamar an murɗe makulli, allura ta faɗi sifili nan take ko da mota tana cikin gudu. Wannan ta wuta ce, kuma nan ne sensar kiranshaf ke shigowa. Halinta sananne ne: siririyar wayar da aka naɗa a cikinta takan rabu in ta yi zafi, mota ta mutu ko'ina, a danja ko a tsakiyar titi, ka yi ta murza makulli tana juyawa ba ta kamawa, sai ta huce minti 10 ko 30 ta tashi kamar ba ita ba. Taka kuwa tana mutuwa ne a tsayawa kawai, kuma tana tashi nan da nan. Ban ce makanikenka bai san aiki ba, domin gaskiya ne sensar nan takan mutu ba ta bar P0335 ba. In siginarta ta yanke gaba ɗaya, wata kwamfutar ɗauka take yi inji ne ya tsaya kawai. Amma akwai gwaji kyauta: ranar da motar ta ƙi tashi, a duba layin juyin inji a sikana ana murza makulli. In ya nuna 150 ko 250, sensar tana magana. In sifili ne, to a duba soket da waya, sannan a saya.

A wannan gidan na mutuwar farat ɗaya akwai makunnin makulli da ya cinye, da rile mai tsagaggen dalma da ke saki in ya yi zafi, da wayar ƙasa da ta yi tsatsa tsakanin inji da bodi. In wata rana ka sa sikana bayan mota ta mutu ka tarar lambobin da ka sani sun ɓace da kansu, kwamfuta ce wutarta ke yankewa, bi fiyus da wayoyin da ke ba ta wuta. Ka auna batir ma, ai ba wuya: kusan bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji yana aiki.

Tunda giyarka otomatik ce, ga wani gwaji na daƙiƙa goma. A wuri mara cunkoso, kana gab da tsayawa, tura giya N. In ba ta mutu ba, ka maimaita sau da yawa haka, alhali a D tana mutuwa da fizga kamar mai koyon tuƙi ya manta kuloci, to a binciki kulocin da ke cikin kwanbatar giya, mai kullewa a kan gudu, ko ya ƙi saki. P0742 ce lambarsa. Sai dai kada a yi saurin kwance giya, domin injin da silonsa ke da rauni ma yakan rayu a N saboda an sauke masa nauyi. Fizgar ce ke bambanta su. Ka kuma kalli zafin ruwa a sikana yayin da inji ke ɗumama, ya hau a hankali ya tsaya wajen digiri 85 zuwa 95. In ka ga ya yi tsalle, ko ya nuna 40 ƙasa da sifili, wayar sensar ruwa ce ta yanke, kwamfuta za ta ɗauka ana tsananin sanyi ta tuttula mai. Amma wannan mai yake yawaitawa, P0172 zai fi kawowa, don haka ban sa shi gaba a taka ba.

Ga masu karatu da motarsu ta girmi wannan: tsarin OBD-II ya zama dole a Amurka daga ƙirar 1996, a Turai kuma sai 2001 ga motocin fetur. Waɗanda suka riga haka da ƙiftawar fitilar cek suke magana. A tsofaffin Toyota ana haɗa TE1 da E1 a ɗan akwatin gwaji da guntuwar waya, a buɗe makulli, a ƙirga ƙiftawa: 12 siginar juyin inji, 22 sensar ruwa, 41 sensar totur. A Honda soket ne mai waya biyu a ƙarƙashin dasbod ta gefen fasinja, doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya, kuma 14 bawul ɗin silo ne. A motocin GM kuwa 12 ba cuta ba ce in inji a kashe yake, sallama ce kawai, alamar kwamfuta ta fara magana. Ka ga lamba ɗaya, ma'ana biyu, don haka kowa ya nemi jadawalin motarsa, kuma ya tabbatar da ramin da zai haɗa kafin ya cusa waya.

Kafin a gyara, ka yi hattara da ita a hanya. In inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi, kuma taimakon birki taku ɗaya ko biyu ya rage, don haka taka ka riƙe, kada ka yi ta famfo. In fitilar cek ta koma ƙiftawa kana tafiya, mis ɗin ya kai matakin ƙona katalis, sassauta ka nemi wurin tsayawa.

Bayan an toshe kafar ko an gyara abin da aka samu, a lokacin ne za a goge lambobi. Ka yi tuƙi na kwana biyu ko uku, inji ya huce ya sake zafi a tsakani, domin lambobi irin P0171 da P0420 sai kwamfuta ta ga laifi a tafiya biyu kafin ta kunna fitila. Ba sai ka jira fitila ba, buɗe sashen lambobin da ke jiran tabbaci, kuma ka duba LTFT a silo ko ta dawo kusa da sifili. In P0420 ta dawo ita kaɗai, a duba ko salansa tana yoyo kusa da sensar oksijin ta bayan katalis kafin a yi maganar sabon katalis. Ka turo mini abin da firiz-firem ya nuna, da jimillar STFT da LTFT a silo, a 2500, da kuma a D kana riƙe da birki.